Wuyan Goɗiyar Onarabul

Kudenda, Kaduna

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai ka Abuja lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka zauna. Na ba Mamanka wannan takarda ta sa maka a cikin jaka, don na san in na ce in gaya maka da baki, ba za mu kai ƙarshe ba sai murya ta tashi, kamar yadda ta tashi ranar Talata. Ka karanta ta idan ka sauka ka huta. Kada ka karanta ta a mota, rubutuna ba mai kyau ba ne, sai da natsuwa.

Kafin komai, ina so ka tuna wanda yake rubuto maka. Na shigo garin nan da riga biyu da takardar shaidar aji uku na sakandare. Ban da kawu a ma'aikata, ban da uban gida a bariki. Da ƙafata na je ƙofar masaƙa na tsaya a layi kwana goma sha ɗaya kafin a ɗauke ni. Na fara daga shara, na koma kan inji, na kai ga duba layi guda. Dokina na farko da gumina na saye shi, ramamme, mai ƙuraje a baya, kowa yana yi mini dariya, ni na yi jinyarsa har ya tashi. Ba wanda ya koya mini ɗaura sirdi. Littafin horon doki na farko da na karanta a kasuwar 'yan gwanjo na tsince shi, ba bango, na karanta shi da ƙamus a gefe, shafi ɗaya sai ya ci mini kwana biyu. Filin barga da ke hanyar Rido, lokacin da na same shi ciyawa ce da macizai, ni na sare ta. Turke goma sha biyu da ke ciki ni na kafa su. Gidan da aka haife ka, ni na yi dakon yashinsa ranakun hutu. Manyan sojoji sun kawo mini dawakinsu, 'yan folo sun kawo, Kwarori sun kawo. Ban taɓa zuwa ƙofar kowa neman a kawo mini doki ba.

Ba don ka yi mini tafi na lissafa wannan ba. Na lissafa ne don ka san cewa mutum irina ba ya saurin cewa ya yi kuskure. To a takardar nan zan faɗi haka sau uku. Ka riƙe ta da kyau, don ba na jin zan sake.

Ga abin da ya haɗa mu. Onarabul ɗin da ya ɗauke ka aiki, wanda ya ci zaɓe bana, ya sayo goɗiya 'yar shekara uku daga waje. Yana so cikin mako goma ka fito da ita gaban baƙinsa ranar walimar buɗe gidan gonarsa, ta yi abin nan da Turawa suke kira diresaj, wato doki ya yi tafiya da sassarfa da juyi da tsayuwa a fili mai kusurwa huɗu, ba a ga hannun mahayi yana motsi ba. Kai kuma ka kawo kaset ɗin bidiyo ka sa mini, ka nuna mini zakarun Turai suna jan kan doki ƙasa har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, wuya ya naɗe kamar ƙugiya. Ka ce haka ake yi yanzu. Ka ce yana miƙe jijiyar baya, yana sa doki ya yi laushi, ya bi umarni da wuri, kuma masu yin haka su suke cin kofi. Ka ce da hannu ba za ka samu wannan cikin mako goma ba, don haka za ka sa igiya daga linzami zuwa majayin sirdi ta riƙe maka kan. Ni kuma na ce ba ka san komai ba, na ce kaset ya fi ubanka a wurinka, na faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita ba. Ka tashi ka fita. Tun daga ranar nan, gaisuwa kawai muke yi.

Abin da ban gaya maka ba shi ne, ni na riga Turawan kaset ɗinka yin wannan ɗauri a garin nan. Kana aji biyu na firamare lokacin.

Wani Kanar ne ya aiko mini da dukushi, akawal, baƙi wuluk, bai cika shekara uku ba. Ban taɓa ganin tafiya irin tasa ba, kamar ba ya taɓa ƙasa. Kanar ya ce nan da wata biyu za a yi masa faretin ban kwana, an yi masa canjin wurin aiki, kuma a kan dokin nan yake so ya duba fareti, wuya a lanƙwashe kamar na hoton da ke bangon ofishinsa. Na ce, “An gama, Yallaɓai.” Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa.

Mako biyu ina fama, dukushin nan kansa a sama yake kamar raƙumi, yana kallon kowane tsuntsu. Sai wata rana a masaƙa na ga an cire tsohon bel ɗin inji an jefar, irin mai ɗan taushin nan da yake miƙewa ya dawo. Na ɗauke shi. Na yanka shi biyu, na ɗaura a zoben linzami hagu da dama, na ratsa tsakanin ƙafafun gaba na kama a majayi. Da dokin ya ɗaga kai sai bel ya dawo da shi. Ya yi ta fama, ya yi gumi, can sai ya sallama, ya sunkuya. Wallahi Abba, ranar ji na yi kamar na ƙera jirgin sama. Na riƙa barinsa a haka a turke tun hantsi har azahar. Kullum ina rage tsawon bel ɗin da faɗin yatsa biyu.

Saja Gyang, ka san shi, Baban su Ladi na bayan layinmu, lokacin bai daɗe da yin ritaya daga 'yan sandan doki ba. Ya biyo ta barga a kan kekensa ya tsaya yana kallo. Sai ya ce, “Oga Haruna, wannan laifin me ya yi?”

Na ce, “Laifi kuma? Ladabi nake koya masa. Dubi yadda ya sunkuyar da kai.”

Ya ce, “Ladabi? To zo ka tsaya nan.” Ya kama ƙeyata, ni da girmana, ya danna kaina har haɓata ta taɓa maɓallin rigata. Ya ce, “Yanzu gaya mini launin motar da take wucewa a titi.”

Na ce, “Kai Saja, sake ni, ba na son wasan banza.”

Ya ce, “Ba ka gani ko? Me kake gani?”

Na ce, “Takalmina.”

Ya ce, “To shi ma abin da yake gani ke nan tun safe. Haɗiye miyau mu gani.”

Na ture hannunsa. Na ce masa shekara ashirin ya yi yana hawan dawakin gwamnati da wasu suka hora, ni kuwa da hannuna nake yin nawa. Ya yi dariya ya hau kekensa, ya ce, “Allah ya ba da sa'a, Injiniya.” Wata uku ban yi masa magana ba saboda kalmar nan.

Fareti ya yi kyau, ba zan ɓoye maka ba. Akawal ya fito wuya kamar an zana, mutane suna nuna shi da yatsa. Kanar ya kira ni gaban manyan baƙi ya dafa kafaɗata. Abin da igiya take yi ke nan, tana ba ka ranar da kake so. Shi ya sa ba na cewa kai wawa ne. Tana aiki.

Bayan wata huɗu aka dawo mini da shi a bayan babbar mota. Sun ce ya zama mahaukaci. Na hau shi don in gani. Ba bel, ba igiya, amma da na taɓa linzami sai ya kai haɓa ƙirji da kansa, ya ɓoye a can. Ka ja, ba abin da za ka ja, hannunka ya zama fanko, shi kuwa yana ta tafiya. Doki ba birki ke nan. A wajen masu shi ya ruga da wani soja ya faɗa kwalbati, don ba ya ganin gabansa. Ƙafafun bayansa, waɗanda da suke shiga ƙarƙashin cikinsa kamar zai tashi sama, yanzu jan su yake yi a baya. Idan ya yi sassarfa kaɗan sai ka ji numfashinsa yana gurnani. Likitan dabbobi ya zo ya shafa bayan kunnuwansa, dokin ya kusa durƙusawa. Ya ce akwai kumburi mai tauri a wurin, ya tambaye ni ko ya taɓa faɗuwa ta ƙeya. Na ce ban sani ba. Na sani.

Shekara huɗu ya yi a turken ƙarshe na wajen bishiyar mangwaro. Kai kana kai masa ɓawon kankana, kana kiransa Mai Kunya, don kullum kansa a ƙasa. Ba ka taɓa tambayata dalili ba, ni kuma na ji daɗi da ba ka tambaya ba. Bai kai shekara takwas ba ya mutu. Dokin da ya kamata a ce har yau ana hawansa.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Shawarata a kai gajeriya ce. Lanƙwasar da doki ya ba ka daban, wadda ka ƙwata daban, ko da a hoto iri ɗaya suke. Ga yadda za ka bambance. Kana cikin tafiya, ka sassauta linzami a hankali, ka miƙa hannunka gaba. Idan goɗiyar ta bi hannunka, ta miƙa wuya gaba da ƙasa tana neman ƙarfen da bakinta, to da yardarta take tafiya. Idan ta fizge kai sama, ko ta maƙale a ƙirji kamar ba ta san ka saki ba, to ƙwace ka yi. Ka duba hancinta, ya kasance yana gaban goshinta ko da kaɗan ne. Ka duba jela, idan tana kaɗa ta kamar mai korar ƙuda alhali ba ƙuda, magana take yi maka. Ka saurari numfashi. Kuma ka sani igiya ba ta san lokacin saki ba. Hannu yana ji, ya ba da lada a daidai lokacin da doki ya yi daidai. Igiya ko goɗiya ta yi daidai ko ba ta yi ba, ja ɗaya take yi.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma ina so ka ji shi don kada ka ɗauka cewa nake yi ka naɗe hannu ka zauna.

Bayan akawal tsoro ya kama ni. Na samu wani dukushi bidi, mai ruwan toka, nawa na kaina, na rantse ba zan gaggauta masa ba. Na bar shi yana ci yana sha. Shekara uku, na ce ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Shekara huɗu, na ce bari damina ta wuce. Ko ragama ba na matsa masa da ita. Sai da ya shekara shida na zo ɗora masa sirdi, ya zama ingarma, ya saba duniya tasa ce. Ya yi tutsu ya maka ni da katanga, ka tuna watan da na yi ina salla a zaune. Saja ya zo duba ni da lemo a leda, ya zauna bakin gado ya ce, “Injiniya, wancan ka dafa shi har ya ƙone, wannan ko wuta ba ka hura ba.” Na so in yi fushi, haƙarƙarina bai bari ba.

Don haka jira ba shi ne horo ba. Goɗiya 'yar shekara uku tana buƙatar aiki kullum, amma aikin da ya yi daidai da ita. Da ni ne da mako goman nan, makonni uku na farko ba zan hau ta ba. In ja ta da hannu in zagaya da ita gonar, ta ga janareta, ta ga mota, ta ga masu babbar riga, ta ji ganga. In sa mata doguwar igiya ta zagaya ni, hagu da dama daidai wa daida, kanta a sake. Sannan sirdi. Sannan hawa, minti goma sha biyar, ashirin, a sauka tun tana da sauran marmari. Tafiya miƙaƙƙiya, babban da'ira, tsayuwa, tashi. Lanƙwasa ta gefe kaɗan, har ka hango gefen idonta na ciki, sai ka saki. In akwai tudu a gonar ka riƙa hawa da ita a hankali, tudu yana gina bayan doki fiye da duk wata dabara da na sani. Wuya shi ne na ƙarshe. Idan ƙafafun baya suka yi ƙarfi suka fara ɗaukar nauyi, wuya da kansa yake zagayowa, ba ka roƙe shi ba. Wannan kuwa ba mako goma ba ne. Shekara biyu ne, wani dokin uku. Ranar walima abin da za ka iya nunawa shi ne goɗiya mai natsuwa da take tafiya da sassarfa ta tsaya cak a gaban mutane ba ta firgita ba. Wanda ya san doki zai gane abin da ya gani. Wanda bai sani ba, kyanta ma ya ishe shi.

Yanzu bari in ba ka taka gaskiyar, don ranar Talata ban bari ka ƙarasa ba. Jiya da ka fita na sa ƙanwarka ta kunna mini kaset ɗin, na kalla sau biyu. Mutanen nan sun iya hawa, ban isa in ce ba su iya ba. Matar nan da take kan doki ja, zamanta a sirdi ban taɓa ganin irinsa ba. Kuma na lura tana kai kan ƙasa ta dawo da shi, ba ta barinsa a can. Mai yiwuwa a hannu irin nata, a kan doki ɗan shekara goma da ya gama gina jikinsa, na ɗan lokaci kaɗan, abin yana da wani amfani da ni ban sani ba. Na kai wa Saja maganar, ya ce shi ko a hannun mala'ika bai yarda ba, doki ba a yi shi don ya kalli ƙirjinsa ba. Ni ban kai shi zafi ba. Na ce ban sani ba, kuma ka san ba kalmar da na saba faɗa ba ce. Amma ka lura da abu biyu. Duk dawakin kaset ɗin manya ne, ba ɗan shekara uku ko ɗaya. Sannan kaset ɗin waɗanda suka ci kofi ya nuna. Waɗanda aka yi wa haka suka lalace ba wanda ya ɗauke su a bidiyo. Akawal ma da an ɗauke shi ranar fareti, da yanzu wani yana can yana koyi da ni.

Na uku shi ne mai wuyar rubutawa. Na ajiye biro na je na dawo sau biyu.

Ranar Talata bayan ka fita, ina ta faɗa ni kaɗai a tsakar gida, ina cewa yaron nan da ba ya haɗa ido da ni, yau shi ne yake mayar mini da magana, Abuja ta lalata shi tun bai je ba. Mamanka tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, shekara ashirin da huɗu yana ce maka to. Ka taɓa sanin abin da yake cikin to ɗin?” Na ce ladabi ne. Ta ce, “Ka je ka tambaye shi ko yana son aikin banki da ka sa ya nema bara.” Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Kalmar da na gaya wa Saja a kan akawal, ita na gaya wa Mamanka a kanka, ban ma ji kaina ba sai da ta fita daga bakina. Ni na taso a inda yaro idan babba yana magana yake kallon ƙasa, kuma har gobe ina ganin kyan haka. Amma na ɗauka duk wanda ya sunkuya ya yarda ne. Na hana ka ƙwallo, ka sunkuya. Na zaɓa maka makaranta, ka sunkuya. Ina shiga majalisa ina cewa ɗana ba ya musu da ni. Ashe ban san inda kake ba, ina ja ne hannuna fanko. Ranar Talata ce rana ta farko da ka ɗago ka dube ni ka ce, “Baba, ba haka ba ne.” A kan maganar dokin ina nan a kan bakana, kai ne ba ka da gaskiya. Amma ɗagowar da ka yi daidai ce, ni kuma tsawar da na yi maka ba daidai ba ce. Ka yafe mini. Kada ka bar wannan ɗagowar a Kudenda, ka tafi da ita, don a can za ka fi buƙatarta.

Ga dalili. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa tsoro ne ya sa na ce wa Kanar an gama, zamanin soja ne, wa ya isa ya ce a'a, sai a kulle ka a gadirum. Ƙarya nake yi wa kaina. Mutumin nan yana son dawaki. Da na ce masa, “Yallaɓai, wannan bai isa ba, ga wani babba ka hau,” da wataƙila ya yi tsaki ya yarda. Ban gwada ba. So nake a dafa kafaɗata a gaban mutane. Yanzu sojoji sun koma bariki, kowa a gari yana cewa an samu 'yancin magana, har masu shayi sun zama 'yan majalisa. To ga wurin gwada shi. Onarabul ba zai yi maka tsawa kamar soja ba. Murmushi zai yi, ya kira ka ƙanena, ya ce ya riga ya gaya wa abokansa. Masu rakiyarsa, waɗanda ba su taɓa riƙe ragama ba, su za su ce yaron nan bai iya ba ne, a kawo wani daga Legas. Wannan ya fi tsawa wuyar tsallakewa.

Ka same shi a makon farko, kada ka bari sai saura kwana biyar. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka rusuna, wannan ba ya rage ka da komai. Sannan ka ɗago ka gaya masa abin da goɗiyar za ta iya ranar walima da abin da ba za ta iya ba. Ka ce masa idan ya ba ka shekara biyu zai samu dokin da zai yi shekara goma sha biyar yana alfahari da shi. Kada ka yi masa wa'azi, manya ba sa so. Ka faɗa sau ɗaya a fili, ka yi shiru.

Zai iya sallamarka. Na san wannan ne yake hana ka sukuni, aikinka na farko ne da ka samo da kanka ba da sunana ba, kuma ba ka so ka dawo unguwa da jaka a ka mutane suna tambaya. Na fahimta, ni ma da haka zan ji. Ba zan ce maka ba zai faru ba. Abin da zan ce shi ne, idan ka dawo saboda wannan, ni zan je tasha in ɗauko ka, kuma duk wanda ya tambaya ni zan ba shi amsa. Idan kuma ka auna duk abin da na rubuta ka ga har yanzu kana da hujjar da ta fi tawa, ka rubuto mini ita. Zan karanta har ƙarshe, na yi alkawari. Amma kafin amsata ta iso, kada igiya ta taɓa linzamin goɗiyar nan.

Sauran ƙanana ne. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka duba harawa da hannunka kafin a zuba mata, ta damina tana yin fumfuna daga ciki. Kada ka ci abinci kafin dokinka ya ci. Ka zauna lafiya da masu aikin barga ko daga ina suka fito, ko masallaci suke zuwa ko coci, ka ga yadda muka zauna da Saja, kuma ka ga wanda ya fi gaya mini gaskiya. Shi ma yana gaishe ka, ya ce in gaya maka in ka hau, diddige ƙasa a likkafa. Mamanka ta sa maka yaji da kuka a cikin gwangwanin madara, kada ka bari ya zube a kan kayanka. Ƙannenka suna yi maka fatan alheri.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya sa ka hau lafiya ka sauka lafiya, ya kare ka daga faɗuwa da harbi da mugun ido. Allah ya ba ka hannu mai taushi da zuciya mai ƙarfi, ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai cikin mutunci. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Haruna Tanko

Saura abu ɗaya, kuma wannan ba shawara ba ce, umarni ne. Ka ce mini a bargar can akwai babban littafi da ake rubuta aikin kowane doki kullum, Onarabul yana dubawa idan ya zo. A shafin goɗiyar, ranar farko, kafin ka rubuta komai, ka rubuta cewa ba za a ɗaure wuyanta ba, kuma ba za a nemi ta naɗe shi ba sai jikinta ya kai. A ƙasa ka sa wanda ya ce haka. Ba “babana” za ka rubuta ba, ba “wani dattijo a Kaduna” ba. Ka rubuta Haruna Tanko, mai barga a hanyar Rido. Da biro, ba fensir ba, da manyan baƙaƙe. Idan ransa ya ɓaci, ya san wanda zai nema, hanyar ba ta da wuya, kowane ɗan acaɓa a Kudenda zai kawo shi. Idan kuma bayan shekara biyu goɗiyar nan ta fito fili mutane suka miƙe tsaye, hawan naka ne, ban nemi komai a ciki ba. Amma layin nan na farko nawa ne. A bar sunana a wurin.